Falmaran Mai Batir a Zauren Surukai

Tun da muka dawo daga Doguwa ban huta ba. In na je masallaci a tambaye ni, in na je bakin dam ɗinmu na Tiga sayen kifi a tambaye ni, har mai shayin da ban taɓa zama teburinsa ba ya tsayar da ni ya ce, "Injiniya, wai da gaske ne?" Laifin Ɗanjuma ne, taubashina, wanda muka yi tafiyar tare. Ya riga ni ba da labarin, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. A bakinsa yanzu har wuta ta kama gemuna, karnuka sun bi ni, wani tsoho ya suma. Babu ko ɗaya da ya faru. Abin da ya faru ma ya isa, ba sai an ƙara ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sunana Sabi'u. Na yi aikin kula da injinan ruwa a Tiga har na yi ritaya. Ban yi karatun injiniya ba, amma an daɗe ana kirana da sunan, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Abu biyu aikin ya bar mini. Na farko murya, domin wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kusa da inji ba ya iya raɗa. Na biyu kuma yarda da kai, cewa babu na'urar da zan kalla in kasa gane ta. Su biyun nan ne suka haɗu suka yi mini aika-aika.

Dalilin tafiyar Nasiru ne, ɗan yayana marigayi. Bayan rasuwar mahaifinsa ya tafi Abuja neman abin yi, ya samu aiki a wani gidan rawa, shi ke kula da na'urorin kiɗa da fitilu. Ya yi shekaru a can. Mu a gida mun sani, amma muka yi kamar ba mu sani ba. In an tambaye mu sai mu ce aikin lantarki yake yi. Daga baya da kansa ya tattara ya dawo, ya buɗe shago a Tudun Wada yana haɗa sola da gyaran lasifikar masallatai. A can ya haɗu da Hindatu, ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti da ya je sa wa sola. Iyayenta Fulani ne, manoma kuma masu shanu, a wani ƙauye bayan Doguwa. Magana ta yi nisa, sai baffanta Malam Buba, wanda shi ne zai ba da aurenta, ya aiko cewa ya ji wani ƙishin-ƙishin game da zaman yaron a Abuja. Yana son babba daga gidanmu ya zo ya gaya masa abin da ya sani. In ya gamsu, a ci gaba. In bai gamsu ba, kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba.

Nasiru ya zo Tiga ya durƙusa a gabana, duk ya rame.

"Baffa, don Allah in sun tambaye ka, ka gaya musu yadda abin yake."

"Kai yaro ne," na ce. "Akwai yadda manya ke magana. Aikin lantarki ka yi ko ba shi ba?"

"Shi ne, amma..."

"To, shi ke nan. Ina ƙarya a ciki? Ka bar ni da su."

Ya buɗe baki zai ƙara, na ɗaga masa hannu. Ya tafi jikinsa a sanyaye, ni kuwa na shiga gida ina jin kaina wani babban lauya.

Tsakiyar damina ce, kuma kowa ya ce mini Doguwa ba Tiga ba ce, ƙasar duwatsu ce, in aka yi ruwa sanyi har cikin ƙashi. Sai matata Talatu ta tuna da wata jakar tsofaffin kaya da Nasiru ya bari lokacin da ya dawo daga Abuja. Ya ce mata a ƙona su, ita kuma Talatu ba ta ƙona abin da bai yage ba. Ta ciro wata baƙar falmaran mai kauri. Gabanta an ɗinka wani faffaɗan abu mai santsi kamar roba, daga ciki kuma wata siririyar waya ta gangara zuwa aljihu, inda akwai ɗan akwatin batir mai maɓalli ɗaya.

"Malam, wannan kuma mene ne?"

Na juya ta, na bi wayar da yatsa, na yi murmushi irin na masana. "Rigar Turawa ce ta sanyi. Hita ce a ciki. Kin ga wannan faffaɗan? Shi ke yin ɗumi. Batir kawai take so."

"Ko a kira Nasiru a tambaye shi?"

Na ce mata ni da na kwance injin da ya fi ɗakin nan girma ba zan kira yaro ya koya mini falmaran ba.

Da safe muka kama hanya, ni da Ɗanjuma. Na sa falmaran ɗin a ƙarƙashin kaftani, farar babbar rigata kuma tana ninke cikin leda don kada ta yi datti. Tsarabarmu goro da kwalin bandar kifi, domin mutumin Tiga in ya rasa kifi bai san abin da zai kai wa mutane ba. Ɗanjuma ya ce kai wa Bafulatani kifi kamar kai wa masunci akuya ne ya yi kiwo, na ce ya rufe mini baki.

A Kwanar Dangora 'yan kamasho suka yi mana caa, wani ya ja jakata, wani ya ja kwalin, wani ya ja Ɗanjuma. Aka ce mana motar Doguwa saura mutum biyu ta tashi. Muka shiga muka zauna, sai uku daga cikin fasinjojin suka sauka ɗaya bayan ɗaya suka koma gindin bishiya, ashe zaman jan hankali suke yi. Muka daɗe a nan har rana ta take. Cikin wannan jiran na sauka na sayi batir sababbi, masu kyau, ban yarda an ba ni na araha ba. Na koma bayan wata babbar mota na zura su, na danna maɓallin. Rana na dukana ta ko'ina, ga kaftani a sama, ban ga komai ba, amma na tsaya na saurari jikina. Wallahi na ji ɗumi. Na kashe don kada batir ya ƙare, na dawo na gaya wa Ɗanjuma cewa Bature ya iya abu.

Da motar ta cika, ta cika da gaske. Mu huɗu a baya: ni, Ɗanjuma, wata mata mai jaririya, da wani dattijo mai fataucin masara. Direba ya ce kwalin kifi ba zai shiga but ɗin mota ba saboda akwai atamfofin mutane, don haka na rungume shi a ƙirji. Kafin mu kai Tudun Wada kowa ya san mu 'yan Tiga ne ba tare da mun faɗa ba. Dattijon ya sauke gilashi ya fitar da kai, daga can waje yake ba mu labarin tsadar taki.

Abin da na lura da shi ke nan a wannan hanya. Mu a Tiga hirarmu ruwa ce: ya ƙaru, ya ragu, an buɗe, an rufe, kifi ya yi wuya. Daga Tudun Wada zuwa sama kuwa masara ce sallama, masara ce ban kwana. Mutum zai tambaye ka lafiyar iyali a gurguje don ya samu ya tambaye ka ko ka yi taki na biyu. Da na ce wa dattijon ni ba na noma, sai ya dawo da kansa cikin mota ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya kawo sauƙi.

A Tudun Wada direba ya tsaya shan mai. Daga inda muke ina hango shagon Nasiru, da faifan sola jingine a ƙofa. Ɗanjuma ya ce mu leƙa mu gaisa. Na ƙi, domin na san zai sake roƙona abin da ya roƙa, ni kuma na riga na tsara jawabina. Da na leƙa ɗin, da wataƙila na yi masa burgar hita, da ya ceci mutuncina. A maimakon haka na sayi gasasshiyar masara, na gatsa da gefen da haƙorina ke girgiɗi, na yi sauran tafiyar ina taunawa da gefe ɗaya kamar raƙumi.

Da muka doshi dajin Falgore hira ta mutu. Kowa ya san abin da ake faɗa game da dajin a shekarun baya, ko da yake yanzu da sauƙi. Matar nan ta fara addu'a a hankali, direba kuma ya ƙure kiɗa, kowa da yadda yake korar tsoro. A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin kwalin. Na ɗaga murfin. Ya ja da baya ya ce, "Rufe, Baba, rufe. Allah ya kiyaye hanya." Ɗanjuma ya ce ko 'yan fashi ne suka tare mu, kwalin nan ya ishe mu makami.

Cikin dajin hadari ya haɗu, gari ya yi duhu-duhu, ruwa ya sauko da iska mai sanyi ta gilashin da dattijo ya ƙi rufewa. Na zura hannu ƙarƙashin kwali na danna maɓalli. Na yi ajiyar zuciya na ce wa Ɗanjuma, "Kai dai ka sha sanyinka." Jaririyar da ke kusa da ni, wadda tun Kwanar Dangora take kuka, ta yi tsit. Ta ƙura wa wuyan kaftanina ido tana dariya, tana miƙo hannu. Na ce wa uwarta ai ni haka nake, yara suna sona. Kwali ya rufe mini ƙirji, uwar ta rufe ido tana addu'a, Ɗanjuma yana gyangyaɗi. A duk motar jaririyar nan ce kaɗai ta san gaskiya, ita kuma ba ta iya magana ba. Muna fita daga dajin ruwa ya tsagaita, na kashe abina.

Daga Doguwa acaɓa muka hau, ta cikin gonakin masara da suka fi mutum tsawo. A wani rafi ɗan acaɓan ya ce sai dai mu sauka mu taka. Ya nuna mini wani dutse ya ce bayansa jihar Kaduna ce, mutanen nan da safe suna noma a Kano, da yamma su sayo gishiri a Kaduna. Na naɗe wando, na ɗora kwali a ka, na shiga ruwa kamar mai tallar kifi. Taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya, sai da Ɗanjuma ya laluba da hannu ya ciro shi, yana faɗin ga mutumin da ya yi aikin ruwa shekara da shekaru, rafi ya tuɓe masa takalmi.

Mun isa kafin magariba. Mutanen nan sun karɓe mu da wata irin nutsuwa da ta sa na ji kaina kamar janareta a ɗakin mara lafiya. Mu a gida in baƙo ya zo, ihu ake yi, a tafa, a yi ta dariya. Su kuwa gaisuwarsu doguwa ce amma a hankali, ido a ƙasa, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka mutanen gida, a yi shiru, a sake komawa farko. Malam Buba dogo ne, fari, mai siririyar murya. Ƙaninsa Malam Jibo, mahaifin Hindatu, ya miƙo hannu muka gaisa, daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Ɗanjuma ya raɗa mini cewa Hindatu 'yar fari ce, a wurinsu uba ba ya kama sunanta, ba ya kuma sa baki a zancen aurenta. Goro aka karɓa da hannu biyu. Kifi ma an karɓa da hannu biyu, an yi godiya, sannan na ga an wuce da shi can ƙarshen gida, bayan rumbuna.

Aka sauke mu a ɗakin baƙi mai tsabta, da gadon kara da tabarma sabuwa. Aka kawo fura da kindirmo wanda cokali ke tsayawa a ciki. Bayan mun yi sallar magariba aka kawo tuwon masara da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Na ci har na ji kunya, sannan na ƙara. Na wanke ƙafa, na ɗora farar babbar rigata a kan falmaran, na gyara hula, aka ce dattawa suna jiranmu a zaure.

Zauren babu fitila sai wata 'yar ƙaramar tocila da aka kifa a lungu, wai hadari ya hana sola caji. Dattawa biyar ko shida suna zaune a kan buzaye. Malam Jibo yana can gefe kusa da ƙofa, rabin jikinsa a waje. Iskar bayan ruwa tana shigowa, sanyi ya fara taɓa ni. Na ce a raina mutum ba ya jawabi yana rawar ɗari. Na zura hannu cikin riga a hankali, na danna maɓalli.

Ba abin da ya faru, domin zauren shiru yake. Mutanen nan suna iya zama shiru har ka ɗauka sun manta da kai. Can Malam Buba ya yi magana da muryarsa ta ƙasa-ƙasa.

"Malam Sabi'u, mun gode da tattaki. Abu ɗaya ne. Yaron nan, da yake Abuja, wane aiki ya yi?"

Na gyara zama. Na yi gyaran murya, irin nawa.

Zauren ya yi kore.

Na ɗauka walƙiya ce, na dubi ƙofa. Na ce, "Bismillahi," sai na ga hasken daga jikina yake fitowa. Ta cikin farar shaddar, wasu sanduna na haske suna tsalle a ƙirjina, kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Na ce, "Innalillahi!" suka haura har wuya. Na yi shiru, suka mutu. Na ce, "Wannan..." suka taso. Ashe abar sauti take bi. An yi ta ne don mai rawa ya sa a cikin duhu, kiɗa na bugawa tana haskawa. Ni kuma na kawo mata muryar da ta fi kiɗa.

Na cusa hannu na danna maɓalli don in kashe. Ashe dannawa ɗaya ba kashewa ba ce in ba ka riƙe ba, sauya salo ce. A Kwanar Dangora da cikin mota na dace ne kawai. Sandunan suka ɓace, wata jar zuciya ta fito tana bugawa a tsakiyar ƙirjina. Na sake dannawa, duk gaban rigar ya kama ƙyaftawa shuɗi da ja kamar motar 'yan sanda. Na sake, muka koma kan sanduna. Ɗanjuma ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna rawa, duk ɗan kukan da ya kuɓuce masa sai ƙirjina ya amsa.

Da a Tiga ne, da an gama. Da wani ya faɗi ƙasa, wani ya fita kiran mutane, da an yi dariya ni ma na yi, kunyar ta wanke. Amma a wurin mutanen nan ba a kunyata baƙo. Na ɗaga ido na duba. Kowane dattijo ya sunkuyar da kai yana kallon buzunsa, fuskokinsu suna yin kore suna yin ja, babu wanda ko gira ya ɗaga. Wani ma ya ciro goro ya ɓare a nitse. Ban taɓa ganin ladabi mai azaba irin wannan ba.

"Muna jin ka, Malam," in ji Malam Buba.

Jawabina yana nan a bakina, na haddace shi tun daga Kwanar Dangora: aikin lantarki, kamfani mai zaman kansa, yaro mai hankali. Na dubi ƙirjina. Yaya mutum zai ce aikin lantarki kawai, alhali ga gidan rawar sukutum ya ɗauko ya rataya a wuya? Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba. Na tuna Nasiru durƙushe a gabana, na ga na zo gyara masa aure na kashe shi da hannuna, da batir ɗin da na saya da kaina.

Na ce, "Malam Buba, rigar nan tasa ce. Ya ce a ƙona ta, ba a ƙona ba. Ni kuma na ɗauka ta maganin sanyi ce."

Na ci gaba.

"A gidan rawa ya yi aiki. Shi ke kunna musu kiɗa da fitilu. Abin da ya gani a can da abin da bai gani ba, ban sani ba, ba na wurin, ba zan rantse muku a kan abin da ban gani ba. Abin da na sani, lokacin da ya tafi gidanmu babu. Mahaifiyarsa tana kwance, ƙannensa suna makaranta, ni fanshona sai a hankali. Da aikin nan ya riƙe mu. Na ci, iyalina sun ci, ban taɓa tambayarsa daga ina ba saboda na san amsar. In akwai datti a ciki, har cikina ya shiga. Kuma ba mu muka ce ya bari ba, shi ya bari don kansa. Da zan taho ya roƙe ni in gaya muku wannan, ni ne na zo da niyyar kewaye-kewaye."

Ban san lokacin da muryata ta yi ƙasa ba. Tun da nake ban taɓa magana a hankali haka ba. Sanda ɗaya ce kawai, kore, take ɗan motsi a saman cikina.

Sannan Malam Buba ya ce, "Mun ji. Allah ya huta gajiya." Aka shafa fatiha aka tashi. Babu i, babu a'a. A ɗaki na tuɓe falmaran na zare batir. Ɗanjuma, wanda na zata zai kashe ni da tsiya, ya dube ni ya fasa. Shirun nasa ya fi komai tayar mini da hankali, domin in taubashinka ya tausaya maka, to abin ya ɓaci. Na kwana ina tsara yadda zan gaya wa Nasiru.

Da safe bayan an kawo mana koko da madara mai ɗumi, na fita bayan gida inda ake tatsa, don in guje wa idon mutane. Sai ga Malam Jibo, mahaifin yarinyar, ya tsaya kusa da ni yana kallon shanu. Muka gaisa. Muka yi shiru. Muka sake gaisawa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Abin nan na jiya. Daga nesa ana ganin sa?"

Na ce a raina ga shi nan, yanzu za a fara. "Malam, ina jin ko daga Doguwa."

"Kukan saniya yana tayar da shi?"

"Ko tari ma."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shanunsu sai sun tsallaka titin Jos in za su kiwo, kuma sau da yawa magariba ke riskar su a hanyar dawowa. Manyan motoci ba sa ganin mai kiwo sai sun zo kansa. Bara wata tirela ta shiga cikin garken, ta kashe shanu, ta karya wa wani yaron gidan ƙafa, har yanzu yana ɗingishi. Sun gwada tocila, direbobi suna ɗauka babur ne mai nisa.

"In ba za ka koma da ita ba," ya ce, "a bar mana."

Na ruga ɗaki kamar yaro na ɗauko ta. Na mayar da batir, na nuna masa maɓallin, na koya masa cewa sai an riƙe take mutuwa, ilimin da na samu jiya a gaban jama'a. Ya karɓa da hannu biyu. Daidai nan wata saniya ta yi kuka, sandunan suka haura har ja. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya juya da sauri ya ba ni baya, kafaɗunsa suka yi abin da na Ɗanjuma suka yi jiya. Da ya gama ya juyo da fuskarsa kamar ba abin da ya faru.

Ya naɗe falmaran ya sa a hammata. Har ya fara tafiya, sai ya tsaya, yana kallon ƙasa.

"Ka gaya wa mai rigar, in za su zo da mutanensa bayan an cire masara, ya taho da batir. Nan ba ma samun masu kyau."

Ya wuce. Na tsaya ina maimaita maganar, sai da na juya ta sau biyu sannan na gane abin da aka gaya mini. Mutumin da al'ada ta hana shi kama sunan 'yarsa ya ba da ita ke nan. Na zauna a kan turken maraƙi, hawaye suka zubo mini, ban kuma damu da wanda ya gani ba. Da za mu tafi Malam Buba ya rako mu har bakin rafi, ya faɗi maganar a fili yadda ake faɗa, ya ƙara da cewa a gaishe da mutanen Tiga, kifi ya yi daɗi. Wannan kam ban yarda ba.

Komowa na sha sanyi na gaske, babu falmaran, ruwa kuma ya sake dukanmu a daji. Ɗanjuma ya warke daga tausayinsa tun kafin Doguwa, duk bayan ɗan lokaci sai ya taɓa ni ya ce, "Injiniya, ɗan kunna mana hita." A Tudun Wada wannan karon ni na ce direba ya tsaya. Nasiru yana kan tsani yana ɗaura waya, da ya gan ni ya sauko yana kallon fuskata.

"Baffa, me ka gaya musu?"

"Abin da ka ce in gaya musu."

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Bayan an cire masara. Kuma an ce ka zo da batir."

Bai gane ba, sai da Ɗanjuma ya ja shi gefe ya yi masa bayani, da hannu da ƙafa. Yaron ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma wani abu dabam, ya rufe fuska da hular aikinsa. Na bar shi ya gama.

Mura ta kwantar da ni bayan mun dawo, Talatu tana kawo mini kunu tana tambaya ko ta aika a karɓo hitar. Duk na ji, kuma na cancanta. Amma batir ɗin ban bar wa Nasiru ba. Ni na je Kwanar Dangora na sayo kwali guda, irin masu kyan nan. Yanzu haka suna cikin akwatin lefe, Talatu ta jera su tsakanin atamfa da turare.